Motar da ta kwana a garejinmu

Ina shekara ta uku a gareji, can Sabon Gari, wani direban Hiace mai jigila tsakanin Damagaram da Tanut ya kawo mana kuka. Watan Janairu ne, ɗari ya kankama, hazo ya lulluɓe gari. Ya ce in ya tada mota bayan sallar asuba sitiyari yakan ƙage, sai ya sa hannu biyu da ƙarfin kafaɗa kafin ya fita daga tasha, amma da hantsi ya yi sai ya saki. Maigida ya tafi Kano sayen kayan gyara, ni ke riƙe da wurin. Da azahar aka kawo motar, inji da zafinsa. Na murza, na ji laushi, duk da haka na yanke cewa famfon sitiyari ne ya gaji, don abin da na saba ji ke nan a bakin manya. Bawan Allah ya je ya sayo wani na gwanjo, na ɗaura, na mayar da man da na tsiyaye da tsohon bel ɗinsa.

Kwana biyu ya dawo. Bai ɗaga murya ba, ya ce kawai: "Ƙanena, kuɗina sun tafi, ciwo yana nan." Har yau maganar tana sukata, don na san kwana nawa mutum ke yi a hanyar Tanut kafin ya tara kuɗin famfo.

Da Maigida ya dawo na faɗa masa komai. Ya tambaye ni ƙarfe nawa na duba ta, na ce da azahar. Ya ce: "Ciwon asuba ba a duba shi da azahar. A bar ta ta kwana nan."

Muna fitowa masallaci muka nufi gareji. Bai bari na taɓa makulli ba. Ya fara da tayoyin gaba, ya auna iska, dukansu sun yi ƙasa. Iska takan takure da sanyi, taya ta baje a ƙasa, sitiyari ya ƙara nauyi, kuma a hunturu tazarar zafin rana da sanyin asuba takan kai digiri 15. Daga nan ya sa na ɗaga gaban motar da jak, inji a kashe, ya ce in murza daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Ya tafi sumul, babu inda ya cije. Ke nan ƙarafan ƙasa lafiya lau, laifin yana wajen mai ko bel.

Ya buɗe gwangwanin man sitiyari, ya tsoma yatsa, ya miƙo mini in sunsuna. Baƙi ne wuluk, mai kauri, yana warin ƙuna. A jikin murfin kuwa an rubuta ATF Dexron, wato jan man nan mai tsinkakken ruwa. Sai a lokacin direban ya tuna cewa yaron motarsa yakan cika da baƙin man inji duk lokacin da ya ga ya ragu a hanya. Man inji da ya kwana cikin ɗari yakan yi nauyi, famfo ya yi ta fama da shi, ga bel ɗin ya tsufa, cikinsa ya yi santsi yana ƙyalli. Muna tada inji muka murza, sai ƙara, bel yana zamewa, mai yana kumfa. Muka bi tiyo muka tarar da bakinsa ya bushe ya tsage: nan mai ke yoyo, nan kuma iska ke shiga in roba ta ƙandare da sanyi.

Muka sake tiyo da bel, muka wanke hanyar man da sabon ATF har ya riƙa fitowa ja, muka yi ta murza sitiyari hagu da dama, tayoyi a sama, har kumfa ta ƙare. Tsohon famfon da na cire, Maigida ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau. Ya sa na mayar wa mutumin kuɗin aikina, na kuma raka shi wajen mai kayan gwanjo.

Abin da ya faɗa mini muna wanke hannu shi ya fi zauna mini. Ya ce yawancin motocin nan ta tashar Kwatano suka zo daga Turai, inda ruwa ke daskarewa a kan titi, kuma can sun yi aiki. Ɗarinmu bai isa ya ƙage lafiyayyen sitiyari ba, sai dai ya tona abin da zafi ke rufewa.

Tun daga nan na ga iri-iri. Robar da ke rufe gaɓoɓin ƙasa in ta yage, ƙurar hunturu takan shiga ta cakuɗe da giris ta zama kamar laka, kuma wannan jak ne ke nuna shi. Sababbin motoci masu sitiyarin lantarki ba su da mai sam, sau da yawa batir ne ya raunana. Akwai kuma wanda cikin akwatin sitiyarin ne ya cinye, mai yana sulalewa ta gefe har sai ƙarfe ya ɗau zafi. Wannan shi ne mai tsada, shi ya sa nake barinsa ƙarshe. Man birki kuwa ina roƙon direbobi kada su zuba shi a gwangwanin sitiyari, yana kumbura robobin ciki ya lalata su.

Yanzu duk wanda ya ce mini da safe abin ke yi, nakan ce ya bar mini motar ta kwana. Wasu sukan ƙi, don lodin asuba shi ne abincinsu, kuma ban ga laifinsu ba. Irin waɗannan nakan tambaye su inda motar ke kwana, in ɗauki jak da ma'aunin iska a bayan babur, in same su can kafin su tada inji.