Atisayen ƙwallon kwando na ɗalibai mata a Marwa: mako na shida

'Yan uwa masu koyon horarwa, ga inda aka kwana. Mako shida ke nan da fara shirin gasar jami'o'i, kuma har yau hannun hagu ne ke ci mana tuwo a ƙwarya.

An mayar da atisaye ƙarfe shida na safe zuwa bakwai da rabi, domin a Maris da Afrilu zafin Marwa, a arewacin Kamaru, kan haura digiri 40, siminti ya yi kamar tanda. Ana share fili tukuna, saboda ƙura a kan siminti santsi ce, nan da nan a samu targaɗe. Ana shan ruwa duk bayan minti 15.

Minti 90 ɗin kuwa: 10 na ɗumama jiki, 20 na buga ƙwallo a ƙasa da miƙawa, 25 na jifa daga gindin kwando, 20 na wasan uku da uku, sauran na jifan keta, wato jifan da ake ba 'yar wasa daga layi ba mai tare ta idan an yi mata keta.

To, batun jifa daga gindin kwando da hannun hagu. Idan 'yar wasa ta taho ta gefen hagu, takun farko na ƙafar hagu ne, na biyu na dama, da ita za ta tashi, gwiwar hagu a sama, ƙwallo a hannun hagu. Yawancinsu da ƙafar hagu suke tashi don sun saba da ɓangaren dama, sai jiki ya karkace, ƙwallo ta daki ƙarƙashin zobe. Wasu kuma su ƙara taku na uku, alƙalin wasa ya busa usur. Gyaran da ya fara aiki shi ne cire gudu gaba ɗaya. Ta tsaya kusa da kwando, taku ɗaya da dama, ta ɗaga, tana auna kusurwar sama ta hagu na ƙaramin murabba'in da ke jikin allo. Sai ta ci goma a jere kafin a ba ta taku biyu, bugu a ƙasa kuma sai daga baya. Abin akwai gundura, suna ta ƙunƙuni, amma ƙafafu sun fara zama.

A kula da ƙwallo. Ta mata girmanta lamba 6 ne, giram 510 zuwa 550. Aron lamba 7 daga wurin maza yana ɓata hannu, sai ka ga yarinya tana turo ƙwallo daga ƙirji maimakon ta saki da wuyan hannu. Zobe kuma a auna shi da awo, mita 3.05 daga ƙasa, don wasu filayen unguwa ido kawai aka bi.

Jifan keta mun kai shi ƙarshe da gangan. A wasa da haki ake yinsa, don haka kowace ta gudu tsawon fili, mita 28, ta je ta dawo, ta yi jifa biyu, har zagaye biyar. Da gajiya ta zo gwiwa ke ƙin lanƙwasawa, jifa ya gaza kaiwa.

Masu ɗaura kallabi babu matsala, FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta amince da rufe kai tun 2017, sai dai ban da fil ko allura.

Mako mai zuwa za a shiga ƙetare rabin fili cikin daƙiƙa 8 idan an matsa mana lamba.