Tsinkar inabi a Barossa da abin da tsofaffin kuranga suka nuna min

Lokacin da nake karatu a Adelaide ta ƙasar Ostareliya kuɗi suka yanke min, sai wani abokina ya ce mu je kwarin Barossa tsinkar inabi, tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota. Can damina da rani a juye suke, daga Fabrairu zuwa Afrilu ake girbi, ga zafi wani lokacin ya haura digiri 40, shi ya sa tun da asuba muke shiga gona.

Gonar da aka kai mu kusa da garin Tanunda take, kuma gaskiya da na ga kurangar raina ya ɓaci, gajeru ne a murɗe, jikinsu duk ya tsage kamar tsohon kututture, 'ya'yan ƙanana kuma ba yawa, mu kuwa da bokiti ake biyanmu. Inji ba ya shiga wajen sai hannu da almakashi, kana duƙe tun safe har bayanka ya ƙage. Rana ta biyu don sauri na fizgi wani nonon inabi maimakon in yanka, reshe guda ya ɓalle. Tsohon mai gonar bai yi min faɗa ba, ya zo ya durƙusa yana shafa wajen, ya ce kakansa ne ya dasa ta. Kai na ji kunya ranar, har yau in na tuna sai na ji ba daɗi.

Daga nan na fara tambaya. Ashe Jamusawa 'yan cocin Lutheran ne suka zo yankin wajen 1842 da sana'ar noman inabi, kuma a gonar Langmeil akwai inabin Shiraz da aka dasa tun 1843 yana ba da 'ya'ya har yanzu, wato shekara 60 kafin Turawa su ci Kano fa! Abin da ya tsare kurangar shi ne, akwai wani ƙwaro filoksera mai cin saiwa, wanda ya gama da gonakin Faransa a ƙarni na 19 har sai da suka koma yi wa inabinsu aure da saiwar na Amurka irin yadda muke yi wa mangwaro, to shi bai taɓa shiga jihar Ostareliya ta Kudu ba, tun 1899 suka yi doka a kansa. Shi ya sa ba sa wasa da takalmi, in daga wata jiha ka fito sai an tsabtace shi kafin ka taka gona. Har suna da matakai na shekarun kuranga, mai shekara 35 tsohuwa ce, sai 70, sai 100, sai 125 da suke kira kakanni. Abin da ya fi min ciwo, a shekarun 1980 da kasuwa ta faɗi gwamnati da kanta ta riƙa biyan manoma su tuge kurangar, da yawa sun tafi a haka, waɗanda muke gani yau na masu taurin kai ne da suka ƙi.

Ni Kirista ne, na san yawancin 'yan uwa ba sa shan giya kuma ba talla na zo yi ba, abin da na ɗanɗana kawai zan faɗa. Ranar da muka gama girbi Baba, wato tsohon mai gonar, ya buɗe kwalba ɗaya ta giyar inabin gonar. Launin ja ne da ya kusa baƙi, ƙamshin ya kai ni gida kai tsaye, ɗinya ce nunanniya, sai ɗan cakulan da masoro, a ƙarshe bauri ya kama maka baki kamar ka tauna goro amma a hankali. Ya ce tsohuwar kuranga saiwarta ta yi nisa a ƙasa, ba ta damu da ban ruwa sosai ba, tana haifar kaɗan sai daɗin duk ya taru a ɗan kaɗan ɗin.

Kuskure na biyu a wajen abinci ne. Na so in burge su na yi tsire na zabga yajin ƙuli mai barkono da aka aiko min daga Jos. Ashe giyar na da ƙarfi, kashi 14 zuwa 15 cikin ɗari, in ta haɗu da barkono sai wuta ta tashi a baki, ba ka jin ɗinya ba ka jin komai, matar Baba sai hawaye take tana neman ruwa. Sati na gaba na sake, wannan karon balangun rago na yi, gishiri da albasa da ɗan masoro kawai, mai kitse-kitse. Nan ne fa abin ya zauna, kitsen ya kwantar da baurin, ita kuma ta wanke maiƙon, Baba har ƙari ya nema sau biyu.

Kafin in bar garin na koma na duba kurangar da na karya wa reshe, ganyenta ya fara rawaya don sanyi ya matso, Baba ya gyare wajen da zarto tsaf, ya ce in bazara ta zo wajen Satumba za ta toho ta gefe.