Rabon maganin tsargiya a makarantar ƙauyenmu

A ƙauyukan da ruwan dam ɗin Tiga ke ratsawa, wajajen Kura da Bunkure da Garun Malam, yaro ya yi fitsarin jini ba abin tashin hankali ba ne a wurin mutane da yawa. Tun da aka gama dam ɗin a 1974 aka jawo ruwa ta magudanan Kadawa, noman rani ya kankama, shinkafa da tumatir da alkama suka wadata. Sai dai ruwan da ke tafiya a hankali, ga ciyayi a gefensa, shi ne gidan dodon koɗin da tsargiya ke rayuwa a cikinsa. Ni malamin firamare ne a ɗaya daga cikin waɗannan ƙauyuka, kuma ina cikin waɗanda aka ɗora wa rabon maganin ga ɗalibai.

Kafin rabon an tara mu bita. Ma'aikacin lafiyar da ya koyar da mu ya fara da abin da yawancinmu ba mu taɓa ji ba: tsutsar da ke kawo tsargiya ba shanta ake yi ba, ta fata take shiga. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shige jikin dodon koɗi su hayayyafa, bayan wasu makonni su fito dubbai suna yawo a ruwan. Duk wanda ya tsoma ƙafa, cikin 'yan mintoci sun huda fata. Daga nan su girma, su je su yi zamansu a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, suna zuba ƙwai kullum har tsawon shekaru. Ƙwan yana da ƙaya a gindinsa. Wanda ya samu hanya ya fita da fitsari, ya bar rauni, shi ne jinin da ake gani a ƙarshen fitsari. Wanda ya maƙale a jikin mafitsara kuwa shi ne babbar matsalar, domin tabo yake bari. Tabon kan matse bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, fitsarin ya riƙa komawa baya, ƙoda ta kumbura, a hankali ta lalace. Wasu kuma bayan shekaru masu yawa sankarar mafitsara ce ke biyo baya. Tun 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a Alƙahira, amma har yau mu a nan ana cewa zafin rana ne.

Kayan aikin ba su da yawa: rajista, gwangwanayen ƙwayar praziquantel wadda kamfanin Merck na Jamus ke bayarwa kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, sai sandar awon tsawo. A ƙa'ida nauyin yaro ake bi, miligiram 40 ga kowane kilo, to amma ina sikeli a ƙauye? Shi ya sa aka shata sandar da layuka. Yaron da ya kai santimita 94 ƙwaya ɗaya, daga 110 ɗaya da rabi, daga 125 biyu, haka dai har zuwa biyar ga wanda ya kai 178. Wanda bai kai layin farko ba, ko yake kwance da wani ciwo, ba a ba shi.

Wannan duk mai sauƙi ne. Aikin yana wajen iyaye.

Muka je wurin mai unguwa ni da hedimasta, aka tara magidanta bayan la'asar. Wani dattijo ya ce, "Malam, mu ma duk mun yi shi muna yara, ga mu nan da ranmu. Rana ce ke dafa su, in sun girma zai tafi." Na ce, "Baba, gaskiyarka, da tsakar rana abin ya fi kama su. Amma a lokacin ne suke faɗawa ruwa, kuma a lokacin ne 'ya'yan tsutsar suka fi fitowa daga dodon koɗi. Jinin kan daina fitowa in an girma, ɓarnar kuwa tana nan a ciki." Ya yi shiru, bai ce ya yarda ba. Wani kuma ya taso da zancen da ba a rasa shi duk lokacin da aka zo da magani kyauta, wai na hana haihuwa ne. Nan hedimasta bai tsaya dogon bayani ba, ya ce 'ya'yansa za su fara sha a gaban kowa. A ganina wannan ya fi duk jawabin da muka yi tasiri. Kuma abin haushin, ciwon ne ma ke taɓa haihuwa, musamman ga mata, domin ƙwan kan maƙale a mahaifa da hanyoyinta. 'Yan mata ba sa faɗa saboda kunya, alhali kullum suna bakin ruwa wajen wanki da wanke-wanke. Sai da muka sa wata malama ta keɓe da su sannan muka san yawan masu fama.

Abu na biyu da na riƙe shi ne abinci. Ƙwayar babba ce, ga ɗaci, kuma in ta tarar da ciki ba komai sai jiri da tashin zuciya da murɗar ciki. Mun aika gida-gida cewa kowa ya karya kafin ya zo, amma duk wanda ya koyar a ƙauye ya san yara nawa ke zuwa aji ba su sa komai a baki ba. Muka yi karo-karo tsakanin malamai aka damo koko, aka sayo ƙosai. Duk da haka wasu sun yi amai, wata yarinya ta kwanta a inuwa tana cewa ƙasa na juya mata. Kafin ka ce kwabo uwarta ta iso da mayafi a hannu. Na ce, "Inna, kwantar da hankalinki, an faɗa mana haka zai faru, kuma ya fi tsananta ga mai tsutsa da yawa. Ki zauna tare da mu ki gani." Zuwa azahar yarinyar ta miƙe. Da ba mu sanar da iyaye tun farko cewa jiri na iya zuwa ba, da rabon ya watse a ranar.

Bayan 'yan makonni yara suka fara zuwa da kansu suna cewa jinin ya ɗauke. Masu yawan neman izinin fita fitsari suka ragu.

Amma maganin manyan tsutsotsi yake kashewa, ba ya hana sabuwa shiga. Yaron da ya sha yau, gobe yana cikin magudana yana kamun kifi ko taya babansa ban ruwa. Cewa kada su shiga ruwa maganar fatar baki ce ga mutanen da abincinsu ke cikin ruwan. Abin da muka iya shi ne gyara ban ɗakin makaranta, da nanata wa yara kada a yi fitsari a ruwa, da koya wa iyaye mata cewa ruwan wanka in an ɗebo an ajiye shi kwana biyu, ko an tafasa, 'ya'yan tsutsar sun mutu. Sauran kuma sai maimaita rabon duk zagayowar shekara.

Manya ma sun riƙa zuwa suna roƙon ƙwayar. Wani manomi da ya haura hamsin ya ce jinin ya dawo masa bayan shekaru, ga ciwon kwiɓi. Ma'aikacin lafiya ya hana a sallame shi da ƙwaya kawai, ya ce fitsarin jini ga mai irin shekarunsa sai an yi gwajin fitsari da hoton ciki, ya rubuta masa takarda zuwa asibiti a Kano. Aka tarar ƙodarsa ɗaya ta kumbura.

Waɗanda rajistarmu ba ta ɗauka ba su ne almajirai da yaran da ba sa zuwa boko, kuma su suka fi kowa zama a ruwa. Mun kai gaisuwa wurin alaramman tsangayar da ke bayan kasuwa, muka yi masa bayani. Ya ce a zo ranar Alhamis da safe tunda ba karatu, amma da sharaɗin mu zo da kokon.