Shahin da Gubar da Ta Kusa Ƙarar da Shi

Cikin dangin shaho akwai wanda Larabawa ke kira shahin, masana kuma suke kira Falco peregrinus, kuma babu wata dabba da aka auna gudunta ya kai nasa. Idan ya hango tantabara ko agwagwar ruwa, sai ya yi sama sosai, ya naɗe fikafikansa, ya sulmiyo da gudun da ke wuce kilomita 300 a awa guda, ya doke ta da ƙafa tun tana cikin iska. Ana samunsa a kowace nahiya ban da Antatika, kuma waɗanda ke hayayyafa a arewacin Turai da Rasha sukan sauko Afirka idan sanyi ya tsananta.

Shahin ba ya saƙa sheƙa. Macen, wadda ta fi namijin girma, takan share ɗan gurbi a gefen dutse mai tsawo, ta saka ƙwai uku ko huɗu, ita da namijin su riƙa kwanciya a kansu kimanin wata guda. Ta nan ne masifa ta shigo masa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manoma a Turai da Amurka sun rungumi maganin ƙwari na DDT, ƙananan tsuntsaye suka ci ƙwari da hatsin da aka fesa wa, shahin kuma ya ci tsuntsayen, gubar ta yi ta taruwa a jikinsa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba a ganin gawarwaki barkatai balle a farga, domin ɓawon ƙwan ne ya yi siriri har yana fashewa a ƙarƙashin uwa. A shekarar 1967 wani masani ɗan Birtaniya, Derek Ratcliffe, ya gwada ƙwai na zamaninsa da tsofaffin da ke ajiye a gidajen tarihi, ya nuna cewa ɓawon ya ragu. A lokacin shahin ya riga ya daina hayayyafa a gabashin Amurka.

Amurka ta haramta DDT a gonaki a 1972, amma hanin kaɗai ba zai dawo da tsuntsu inda babu ko ɗaya ba. Tom Cade na Jami'ar Cornell ya kafa ƙungiyar ceto shahin mai suna Peregrine Fund a 1970, aka riƙa kiwon shahin a killace ana sakin 'ya'yansa dubbai, aikin da a ganina ya cancanci yabo saboda haƙurin da ya ci. A 1999 aka cire shi daga jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a Amurka. Yanzu yana ƙyanƙyasa a kan dogayen benaye da gadoji a birane kamar New York da Landan, inda tantabaru suka wadata.