Abin da shirya tafiya gandun dajin W ya koya mini

Koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare ta Maradi shi ne ya ɗora mini nauyin shirya wa ɗalibai tafiye-tafiyen ganin ido, kuma a cikinsu babu wadda na ƙaru da ita kamar ta gandun dajin W. Dajin ya samu sunansa daga lanƙwasa mai siffar harafin W da kogin Isa, wato kogin Neja, ke yi a wurin, an ayyana shi gandun ƙasa a 1954, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996, kuma ya ratsa Nijar da Benin da Burkina Faso, inda rabon Nijar ya kai kimanin hekta 220,000.

Babban abin da na fahimta shi ne, ruwa ne ke yanke ranar tafiya. Mu malamai mun saba duba hutun makaranta mu ce ga lokacin da ya dace, amma wani tsohon ma'aikacin gandun daji da na nemi shawararsa ya ce mini, "Malam, fara tambaya ina dabbobin ke shan ruwa a watan, sannan ka nemi mota." Da damina hanyoyin cikin dajin kan lalace, ciyawa ta fi tsayin mutum, tafkuna su cika ko'ina, don haka giwa da ɓauna da gwanki su watsu, mai ziyara ya wuni bai ga komai ba sai ganye. Bayan kaka ma'aikata kan sa wutar farko tun ciyawa na da sauran ɗanye, domin kada gobarar bazara ta cinye itatuwa, kuma wannan ƙuna ita ce ke buɗe wa ido fili. Daga nan ƙananan tafkuna na ƙafewa, dabbobi na matsowa bakin kogunan Tapowa da Mekuru. Saboda haka a Maris da Afrilu aka fi ganin namun daji, sai dai a lokacin zafi kan haura digiri 40, kuma ni ban yarda a ɗora wa yara wannan wahala ba. Tsakanin ƙarshen Disamba da Fabrairu na zaɓa, ko da za a ga dabbobi kaɗan, tunda kuka da marke da ƙirya da tsuntsayen bakin ruwa su ma darasi ne.

Nisa ma yana yaudarar mai kallon taswira. Daga Maradi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, ta Birnin Ƙonni da Dogondutsi da Doso, sannan akwai wajen kilomita 150 zuwa mashigar Tapowa. Wuni biyu ke nan sun tafi a hanya, zuwa da dawowa, ban da gajiya. Kuɗin mai da abinci kowa na tunawa da su, amma ladan ɗan jagora, wanda ba a shiga dajin sai da shi, da ruwan sha, da gidan sauro, da tayar ajiya, su ne ake mantawa har sai an ƙare lissafi an karɓi gudummawar iyaye.

Sai batun da ya fi kowanne nauyi, wato tsaro. Tun bayan harin da aka kai a yankin raƙuman dawa na Kure a Agustan 2020, wanda ya yi sanadin mutuwar mutum 8, da kuma yadda ƴan bindiga suka samu mafaka a dazuzzukan iyakar ƙasashen uku, na daina ɗaukar labarin wanda ya je shekarun baya a matsayin hujja. Labarin makon nan ake nema, daga bakin hukuma, a rubuce. Uban da ya sa hannu a takardar izini amana ya ba ka, kuma soke tafiya bayan an kammala shiri ba abin kunya ba ne.

Wannan ne ya sa na juyo da hankalina gida. Dajin Baban Rafi da ke Madarunfa, mai geza da sabara da taramniya, ya isa a koyar da yadda saran itace da noma ke cin daji, ko da yake shi ma, kasancewarsa bakin iyaka, sai an tambaya kafin a nufe shi. A arewa kuma akwai gandun namun dajin Gadabeji, inda aka kai raƙuman dawa 8 daga Kure a 2018. Ba dajin duhu ba ne, amma yana cikin jiharmu, kuma shirin bana can na karkata shi, in hukuma ta ba da izini.