Ranar da chalkon ɗina ya fito kamar man gyaɗa

Jama'a duk wanda ya taɓa yin firojet a oganik kemistiri ya san takaicin nan, ka kwana biyu kana juya abu a filas kana jiran ka ga ƙwayoyin kiristal masu sheƙi, sai ka leƙa ka ga wani mai ya kwanta a ƙasa yana kallonka. Ni dai a watan Afrilu abin ya same ni a nan Gusau, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 da rana tsaka.

Abin da aka ba ni in haɗa wani sinadari ne mai suna chalkon, kuma a takarda ba abin da ya kai shi sauƙi: benzaldehaid da asetofenon, ka sa su cikin itanol da ɗan sodiyam haidiroksaid, ka yi ta juyawa cikin sanyi, shi ke nan. Littafi ya ce za ka samu daskararren abu ruwan ɗorawa wanda ke narkewa wajen digiri 55 zuwa 57. Nawa kam launin ya yi daidai, amma ruwa ne tsululu mai yauƙi, wallahi da an zuba shi a kwalbar man ƙuli ba wanda zai ce uffan. Abin dariyar ma da na auna na buga lissafi sai na ga na samu sama da ɗari bisa ɗari na abin da ya kamata ya fito, har na fara murna kafin hankalina ya dawo, to ina aka taɓa auna mudu ɗaya na gero a samu mudu ɗaya da rabi na gari?

Wani dattijo da ke kula da lab ɗin ya ɗaga filas ɗin ya shinshina daga nesa ya ce, "Ɗana, wanga mai naka ai ƙamshin benzaldehaid yake yi, bai ƙare ba." Nan na fara gane kan zancen.

Kiristal fa layi ne, ƙwayoyin abu iri ɗaya su jeru kamar sahu. Da wani baƙo ya shiga tsakani, ko ragowar abin da ka fara da shi ko sauran itanol da ruwa, sahun ba ya tsayuwa, sai ma'aunin narkewar, wato zafin da abin ke narkewa, ya sauko ƙasa. Idan asfirin ne mai narkewa wajen 135 ko asid ɗin benzoyik mai 122, ko ya sauko kaɗan ba za ka ji a jikinka ba. Amma abu mai 56 a garin da ɗaki ke kusan 40? Tazarar ba yawa, datti kaɗan ya ishe shi zama mai. Kuma benzaldehaid da asetofenon dukkansu ruwa ne a zafin garinmu, narkar da chalkon ɗin suke yi a cikinsu. Ku duba man shanu ma, da hunturu yana daskarewa har da tsaki-tsaki, da bazara sai ka ga ya zama ruwa a cikin kwalba, kuma shi ɗin ne dai. Mental da kafur ma haka, kowanne daskararre ne shi kaɗai, in ka niƙa su tare sai su zama ruwa.

Kuskure na biyu nawa ne. Na narkar da man a itanol mai tafasa don in sake fitar da shi tsaf, alhali itanol sai digiri 78 yake tafasa, sama da inda chalkon ke narkewa, don haka da ya fara rabuwa da ruwan tun da zafi sai ya fito ɗigo-ɗigo. Shi kuma mai irin wannan kwashe datti yake yi ya riƙe. Ni kuma don gaggawa na dulmiya filas ɗin cikin ƙanƙara, ya koma kamar ƙaro.

Dattijon nan bai yi min dogon karatu ba. Ya sa na wanke man da ruwan sanyi har sodiyam haidiroksaid ɗin ya fita, na narkar da shi a itanol mai ɗumi kawai, wajen 50, na ƙara itanol ɗin kaɗan, na bar shi ya huce da kansa. Sannan ya miƙo min sandar gilas ya ce in karce cikin filas ɗin daidai bakin ruwan. Ƙiiit ƙiiit har haƙorana na tsami, minti kusan goma ba labari, ina ta tunanin tsohon nan wasa yake da ni. Can sai ga wani farin hazo a kan layin da na karce, ya fara yaɗuwa a hankali, kafin la'asar ƙasan filas ya cika da ƙwayoyi ruwan ɗorawa. Na ɗibi kaɗan na ɓoye a ƙaramar kwalba, iri ke nan, duk wanda nasa ya ƙi sai in jefa masa ƙwaya ɗaya.

Akwai wasu dabarun, murza man da hekzen mai sanyi, ajiye shi a firiza in an dace ba a ɗauke wuta ba, ko in ya ƙi gaba ɗaya a duba TLC, gwajin da ke nuna abubuwan da ke cakuɗe a ciki, a wuce kolum na silika, bututun da ake raba su da shi. Wata 'yar ajinmu kuwa sati guda ta yi tana karce nata, ashe metil salisilet ne, man zafin nan, wanda sai ƙasa da sifiri yake daskarewa. Ba ta duba littafi ba tun farko. Har yau in muka haɗu sai na tambaye ta ina sandar gilas.

Nawa da ya bushe na sake aunawa ya sauko ƙasa da ɗari sosai, na rubuta shi yadda yake, malam ya duba ma'aunin narkewar ya sa hannu bai ce komai ba.