Na sa gpedit a Windows Home: abin da ya yi aiki da wanda ya ƙi

Da yawa daga cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka suna zuwa ne da Windows nau'in Home, tawa ma haka. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta gpedit.msc, sai ta ce ba ta same shi ba, domin an ware wannan manhaja ta kafa dokoki ga Pro da Enterprise da Education. Ni kuwa ina da buƙatu biyu. Yaran gida suna soka filashi kala-kala, ina so kwamfutar ta daina buɗe abin da ke ciki da kanta. Ga kuma sabuntawar Windows tana shanye min data.

Ashe kayan suna cikin kwamfutar tun asali. A C:\Windows\servicing\Packages akwai fayiloli masu ƙarewa da .mum, wasu da GroupPolicy-ClientTools a sunansu, wasu da GroupPolicy-ClientExtensions. Sai da na ajiye madogara a System Restore, wato inda zan mayar da Windows yadda take ko da abu zai lalace, sannan na buɗe cmd, tagar rubuta umarni, da ikon mai gudanarwa, na sa DISM, kayan aikin girka sassan Windows, ya girka su ɗaya bayan ɗaya da umarnin /online /add-package. Lissafin ya yi ta hawa har ya kai 100.0%, na sake kunna kwamfutar, gpedit ya buɗe. Shi ya sa ba na goyon bayan sauko da wata manhajar girkawa daga shafin da ba ka san mai shi ba, alhali abin yana hannunka.

Dokar hana AutoPlay, wato buɗe filashi da kanta, ta kama nan take. Na soka filashi, shiru. Ta sabuntawa ce ta ƙi. Na saita ta a kan a tambaye ni kafin a sauko da komai, na gudanar da gpupdate /force, umarnin tilasta aiki da dokokin, amma Windows ta ci gaba da abinta.

A nan na gane yadda abin yake. Yawancin dokokin gpedit rubutu ne kawai a rajistar Windows, inda take adana saitunanta, galibi a ƙarƙashin Software\Policies. Rubutawa daban, bin dokar daban: Home tana karanta wasu, tana watsi da wasu, kuma gpedit ba zai gaya maka ba, zai dai nuna dokar a kunne. Akwai ma waɗanda ko Pro ba ta bin su, sai Enterprise da Education. BitLocker mai kulle faifai da shiga domain, wato haɗakar kwamfutocin ofis, kuwa ba sa zuwa ta wannan hanya, kuma Microsoft ba ta ɗauki wannan dabara a matsayin abin da take tallafa wa ba.

Matsalar data a Settings na magance ta, inda na nuna cewa Wi-Fi ɗina mai awo ne, wato datarsa na da iyaka, manyan sabuntawa suka daina sauka ba izini. Yanzu doka ɗaya nake kunnawa a lokaci guda, in gwada ta da idona, in rubuta sunanta a takarda kafin in taɓa ta gaba.